Ina neman kwamfailan C++ da zai haɗa manhajar da za ta tashi a Windows XP

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar rubuta manhaja. Ni nake kula da kwamfutocin wani kamfanin casar shinkafa a wajen Kano. A ɗakin sikelin manyan motoci akwai wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP. Wayar sikelin tana shiga ta kafar COM1, firinta mai allura kuma tana kafar LPT. Mota ta hau da kaya a auna ta, ta je ta sauke ta dawo a sake aunawa, manhajar ta cire nauyin mota ta buga tikiti. Wanda ya rubuta manhajar ya bar ƙasar tuntuni, amma ya bar kod ɗin a cikin kwamfutar.

Yanzu Alhaji yana so a ƙara layi ɗaya a tikitin, na kilon da aka rage saboda danshin shinkafa. A halin yanzu da biro ake rubuta shi a ƙasan tikiti, kuma kullum sai an yi cacar baki da masu kawo kaya. Gyaran kod ɗin ba wani abu ba ne. Na haɗa shi da Visual Studio 2022 a laftof ɗina, na kai fayil ɗin, XP ta ce "is not a valid Win32 application". Wane kwamfaila, wato manhajar da ke juya kod ya zama fayil ɗin da kwamfuta ke gudanarwa, zan ɗora wa XP ɗin, kuma a ina zan samo wanda ba shi da ƙwayar cuta?

Nura: Wa alaikumus salam. Yaya Auwalu, gaskiya ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014. Ka sa a sayo ƙaramar kwamfuta sabuwa, ka sayi wayar da ke juya USB zuwa COM, ka sake rubuta abin da Python. Karanta nauyi daga sikeli da buga tikiti ai ba babban aiki ba ne.

Auwalu: Nura, kaka ake ciki. Tun asuba motoci ke layi har bakin titi. In sikeli ya tsaya rabin yini, masu kaya wani kamfanin za su wuce. Alhaji ya ce kada a taɓa masa abin da ke aiki sai an gama sayen shinkafar bana, kuma ban ga laifinsa ba.

Sani Mai Gyara: Ina da faifan Visual C++ 6.0 a shago, cikin tsofaffin faifan da na tara. In kana so ka aiko yaro ya karɓa. Shi ke hawa XP ba gardama.

Baba Ilu: Ku dakata tukuna. Auwalu, ɗana, kafin a yi maganar kwamfaila akwai abu biyu.

Na farko, ka kwafe faifan ajiyar wannan kwamfutar gaba ɗayansa, ba folda kaɗai ba. Clonezilla kyauta ce, kana kunna ta daga CD ko filash, ta ɗauki hoton faifan ta zuba a wani. Faifan da ya shekara da shekaru yana juyawa a ɗakin da ƙurar ƙaiƙayi ke shiga ba ya ba da sanarwa ranar da zai tsaya. In ya mutu yau, har kod ɗin da kake magana a kai ya tafi, da lissafin duk motocin da aka taɓa aunawa.

Na biyu, ka buɗe foldar kod ɗin ka faɗa mana ƙarshen sunayen fayilolin da ke ciki. Daga nan za mu san da me aka rubuta shi. Ba a neman kwamfaila a makance.

Auwalu: To Baba. Kod ɗin dai na riga na kwafe shi a laftof. Hoton faifan zan ɗauka da dare in an rufe sikeli. Abin da ke cikin foldar: akwai .dsw ɗaya, .dsp ɗaya, .cpp da .h da dama, sai .rc ɗaya da resource.h.

Baba Ilu: Madalla. Wannan .dsw da .dsp tsarin tsohon Visual C++ ne, galibi na 6.0 wanda ya fito a 1998. Daga 2002 suka koma .sln. Da ka ga .bpr da na ce C++Builder na Borland ne, da magana ta canza gaba ɗaya.

Sani Mai Gyara: Kun ji ko? Faifan nawa ne maganin.

Malama Hadiza: Malam Sani, Allah ya saka da alheri da niyyar taimako, amma ni ba zan ba shi shawarar ya sa wannan faifan a kwamfutar sikeli ba. Visual C++ 6.0 ba kyauta ba ne, sayar da shi aka yi da lasisi, kuma faifan da ke yawo a kasuwa ba wanda ya san hannun da ya bi ko abin da aka cusa a ciki. Haka waɗanda ake samu a shafukan da ke tara tsofaffin manhajoji. Kwamfaila ya fi kowace manhaja haɗari in an gurɓata shi, domin duk abin da ya haɗa zai iya ɗaukar cutar ya tafi da ita. Ga shi kwamfutar nan kuɗin mutane take lissafawa.

Injiniya Bashir: Na biyo zancen daga sama. Auwalu, ina ganin tambayar ce ya kamata a gyara. Ba ka bukatar kwamfailan da zai zauna a kan XP. Kana bukatar wanda zai zauna a laftof ɗinka ya fitar da fayil ɗin da XP za ta karɓa. Abu biyu ne daban, kuma na biyun ya fi sauƙin samu, ya fi aminci, kuma ba sai ka ɗora wa kwamfutar sikeli komai ba.

Bari in bayyana abin da ya sa ta ƙi fayil ɗinka, don in ka gane shi sauran duk za su zo da sauƙi. Kowane fayil na .exe yana da ɗan bayani a kansa da ke faɗin mafi ƙarancin Windows da zai iya hawa. XP lambarta 5.1, Vista 6.0. Sababbin Visual Studio suna rubuta 6.0 a wurin. XP tana duba lambar ta ga ta fi tata, sai ta ce fayil ɗin ba na Win32 ba ne, ko leƙa cikinsa ba ta yi ba. Haka kuma za ta faɗa in fayil ɗin na 64-bit ne, ita kuwa 32-bit ce.

Wasu suna gyara lambar da hannu su mayar 5.01. Ba ya wadatarwa. Da zarar ka wuce wannan ƙofar sai ka ci karo da ta biyu, saƙon da ke cewa "The procedure entry point GetTickCount64 could not be located in the dynamic link library KERNEL32.dll", ko wani suna makamancinsa kamar InitializeConditionVariable. Waɗannan ayyuka ne da suka zo tare da Vista. Kai ba ka kira su a kod ɗinka ba, amma ɗakin karatun, wato tarin shiryayyen kod da kwamfailan ke liƙa wa manhajarka, ya kira su. Don haka dole kwamfailan da ɗakin karatunsa su zama waɗanda har yanzu suka san da zaman XP.

Nura: Injiniya, to ai wannan ne nake faɗa. Duk wata ƙofa a rufe take. Python ma 3.4 ce ta ƙarshe a jerin 3 da ke hawa XP, Go kuma 1.10. Chrome ya tsaya a 49, Firefox a 52. Duniya ta wuce wurin.

Injiniya Bashir: Gaskiya ne Nura, waɗannan lambobin duk haka suke. Amma C da C++ ba su rufe ba. Hanyoyin da na sani:

Ta ɓangaren Microsoft, Visual Studio 2010 shi ne na ƙarshe da ke hawa XP da kansa. Wanda kuma ke zama a sabuwar kwamfuta ya haɗa wa XP, na ƙarshe shi ne kayan haɗin da ake kira v141_xp, na Visual Studio 2017, kuma ana iya ƙara shi a cikin na 2019. Duka biyun suna son XP mai Service Pack 3.

Ta ɓangaren GCC, wato kwamfailan kyauta na GNU, akwai MinGW-w64 na 32-bit. A nan sai an lura, domin kala biyu ne ke yawo. Akwai mai jingina da sabon ɗakin karatun C na Microsoft mai suna UCRT, akwai mai jingina da tsohon, wato msvcrt.dll. XP da msvcrt.dll ta zo a cikinta, don haka shi kake so. Wanda na fi amincewa da shi shi ne w64devkit na Chris Wellons, yana GitHub. Ka ɗauki na x86, ba na x64 ba. An yi shi da niyyar ya yi aiki har a XP, ba a girka shi, warwarewa kawai ake yi a folda, kuma duk abin da manhajarka ke bukata yana cusa shi cikin .exe ɗin, ba sai ka bi ta da wasu fayilolin .dll ba. Saukewarsa bai kai megabayit 100 ba, Visual Studio kuwa gigabayit da yawa ne, ga tsadar data.

Amma ka duba mana abu uku. Ka danna My Computer da hannun dama ka shiga Properties, ka ga wane Service Pack ne da wane furosesa. Sannan ka binciki kod ɗin ka ga ko akwai afxwin.h.

Auwalu: Service Pack 2 ne. Pentium 4, RAM 512 MB. Ban ga afxwin.h ba ko'ina, windows.h ne a saman fayilolin. Amma a cikin .rc akwai afxres.h. Wannan matsala ce?

Injiniya Bashir: Ba matsala ba ce, labari ne mai daɗi. Da akwai afxwin.h da manhajar da MFC aka gina ta, shi kuwa MFC ɗakin karatu ne na Microsoft, GCC ba ya da shi, ko Visual C++ Express na kyauta bai zo da shi ba. Da dole ka bi ta v141_xp, ka kuma ɗora wa kwamfutar Service Pack 3 a tsakiyar kaka. Shi afxres.h tsohon Visual C++ yana saka shi a kowane .rc ko da ba a yi amfani da MFC ba. In ya kawo ƙorafi ka maye gurbinsa da winres.h.

Pentium 4 ma ya yi. Dalilin tambayar shi ne SSE2, wani rukunin umarnin lissafi da ke cikin furosesa. Pentium III da Athlon XP ba su da shi, kuma yawancin kwamfailolin yanzu suna ɗauka kowa yana da shi. A irin waɗancan injinan manhaja takan buɗe lafiya, sai ta zo lissafi ta faɗi da kuskuren 0xC000001D, mutum ya rasa dalili. Shi w64devkit na x86 daga Pentium 4 ya fara, ka tsallake da kyar.

Mahamadou: Salamu alaikum, daga Maraɗi nake bin ku. Mu nan XP ɗin da Faransanci take, saƙon nata "n'est pas une application Win32 valide" ne, amma ciwon ɗaya ne. Ni tawa ta fi ta Malam Auwalu tsufa. Wani injin yankan ƙarfe nake kula da shi, kwamfutarsa DOS ce zalla. Ga wanda zai zo nan neman irin wannan, Open Watcom nake amfani da shi. Kyauta ne, yana zama a sabuwar Windows ko Linux ya haɗa wa DOS, da Windows 3.1, da 95 da 98, har OS/2. Na 1.9 ya fito a 2010, akwai kuma na 2 da ake ci gaba da shi a GitHub. Akwai DJGPP ma, wato GCC na DOS, amma shi 32-bit yake fitarwa, sai ka haɗa da CWSDPMI, 'yar manhajar da ke ba shi damar tashi a DOS, a kan injin.

Baba Ilu: Watcom! Allah ya yi maka albarka Mahamadou, ka tuna mini da zamani. Da shi aka haɗa manyan wasannin DOS na shekarun 1990. Mu da Turbo C muka fara, a kan faifan fulofi. Har yau ina ganin ɗalibai suna fama da Turbo C++ a sabuwar kwamfuta suna cewa ya ƙi buɗewa. Ba zai buɗe ba, 16-bit ne, Windows mai 64-bit kuwa ba ta gudanar da manhajar 16-bit. Sai a cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS.

Malama Hadiza: Baba, wannan yaƙin muna yinsa a makaranta. Amma mu koma kan Auwalu, akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ya fi damuna. Malam Auwalu, a ina manhajar ke ajiye bayanan motocin da aka auna?

Auwalu: A wani fayil mai suna .dat. Na duba kod ɗin, akwai struct ɗaya, wato ƙunshin bayanai, mai lambar mota, sunan mai kaya, nauyin farko, na biyu, da lokaci. Da fwrite yake zuba shi gaba ɗaya, da fread yake ɗaukowa.

Malama Hadiza: Abin da na ji tsoro ke nan. Ka saurare ni da kyau. In aka zuba struct kai tsaye a fayil, to tsarin fayil ɗin ya dogara da yadda wancan kwamfailan ya jera bayit a ƙwaƙwalwa. Ka canza kwamfaila, jerin zai iya canzawa, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito. Manhajar za ta buɗe, ta karanta sikeli, ta buga tikiti mai kyau. Sai ranar da aka zo neman lissafin wata a ga tsofaffin bayanai sun zama shirme, ko kuma ta riga ta zuba sababbi masu wani girman a bayan tsofaffi, fayil ɗin ya cakuɗe. Kamar a auna rabin buhu da tiya a ƙarasa da wani kwanon daban, a ce a faɗi adadin.

Misalin da aka fi sani shi ne time_t, nau'in da ake ajiye lokaci a ciki. A Visual C++ 6.0 bayit 4 ne. Daga Visual Studio 2005 ya koma bayit 8, sai in ka saka _USE_32BIT_TIME_T. Wato da fayil ɗin da ka haɗa da na 2022 ya tashi, da wannan ramin yana gabanka.

Kafin komai, ka rubuta 'yar manhaja da sabon kwamfailan da za ta buga sizeof na struct ɗin, wato girmansa a bayit. Ka raba girman fayil ɗin .dat da lambar da ta fito. In tsarin bai da wani kai a farkonsa, dole ta raba shi daidai ba saura. Sannan ka karanta bayanin farko da na ƙarshe ka gwada da kwafin tikitin da ke cikin ofis.

Kuma kada ka ƙara danshin a cikin wannan struct ɗin. Ka buga shi a tikiti, ka ajiye shi a wani fayil daban na rubutu, layi-layi da lambar tikiti.

Injiniya Bashir: Malama ta faɗi abin da ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Ka bi shi.

Nura: Ni fa har yanzu ban gamsu ba, ku yi haƙuri manya. Duk wannan basirar ana kashe ta ne don a raya abin da ya kamata a binne. Kun manta cutar WannaCry a Mayun 2017? Sai da Microsoft ta fitar wa XP da faci na gaggawa, shekara uku bayan ta ce ta daina. Ta sake yi a 2019 saboda raunin tsaron da ake kira BlueKeep. Ita wannan ma Service Pack 2 ce, ko waɗancan facin ba ta samu ba. Yau a gyara tikiti, gobe a ce a ƙara wani abu, shekara biyar tana nan.

Baba Ilu: Nura, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, ban raina ta ba. Amma waɗannan cututtukan biyu ta hanyar sadarwa suke shiga. Auwalu, kwamfutar tana haɗe da intanet ko da sauran kwamfutocin ofis?

Auwalu: A'a Baba, ba waya ko ɗaya sai ta sikeli da ta firinta. Da filash akawu ke ɗaukar rahoto.

Sani Mai Gyara: To filash ɗin nan shi ne ƙofar. A shagona yawancin XP da ake kawowa ta nan suka kamu, irin cutar da ke ɓoye folda ta bar maka gajeriyar hanya a madadinsu. A ware filash ɗaya na sikeli kaɗai, kada ya je shagon buga takardu, a kuma kashe AutoRun. Sannan in ka buɗe ta don kwafe faifai, ka hure ƙurar, ka duba ƙananan gwangwanayen da ke kan allon uwa ko sun kumbura, ka canza batirin CR2032. In batirin nan ya mutu agogo zai riƙa komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, tikiti ya fito da kwanan wata na bogi.

Na janye maganar faifan Visual C++ ɗin, Malama ta fi ni gaskiya.

Injiniya Bashir: Nura, ga inda nake ganin ni da kai muka haɗu. Kai kana so a bar XP, ni ma haka. Tambayar ita ce ta wace hanya. In ka sake rubuta manhajar daga farko da Python, ranar da za a kunna ta komai sabo ne a lokaci ɗaya, kwamfuta, waya, manhaja, tsarin ajiya. In nauyi ya fito ba daidai ba, ba ka san wanne ne mai laifi ba, ga direbobi a tsaye a taga. Kuma tsohon kod ɗin nan yana ɗauke da abubuwan da ba a rubuta a ko'ina ba, yadda yake jira nauyi ya tsaya kafin ya karɓa, yadda yake tsallake layin da ya zo a gutsure daga sikeli. Mai shi ya koye su ne a ɗakin, da motoci a kan sikeli.

In kuwa Auwalu ya iya haɗa wannan kod ɗin da GCC na yanzu, .exe ɗin da zai fito na 32-bit ne, kuma irinsa yana tashi a Windows 10 da 11 ba tare da an canza komai ba. Ka ga ya riga ya yi rabin ƙaurar. Bayan kaka sai ya kawo sabuwar kwamfuta, ya sa mata wannan manhajar dai, abin da zai rage masa shi ne kafar COM da firinta. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda.

Nura: Wannan na yarda da shi, in dai har za a yi ƙaurar. Tsorona kada tikiti ya gyaru Alhaji ya ce shi ke nan.

Auwalu: Wannan kuma aikina ne in shawo kansa. Na ɗauki hoton faifan, na sauke w64devkit. Ya tsaya da kurakurai, mafi yawa iri ɗaya: "'i' was not declared in this scope". 

Injiniya Bashir: Wannan tsohon halin Visual C++ 6.0 ne. A wurinsa in ka rubuta for (int i = 0; ...) wannan i ɗin yana nan da rai bayan madaukin ya ƙare, mutane suka saba sake amfani da shi a ƙasa. A ƙa'idar C++ yana mutuwa tare da madaukin. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda madauki na biyu kawai yake sake farawa daga sifili, ka saka masa int nasa. Inda kuwa ake duba darajar i bayan madauki, misali don a san ko an samu abin da ake nema, ka fitar da int i sama kafin for ɗin. Kada ka yi musu gyaran bai ɗaya. 

Ga yadda za ka haɗa:

windres sikeli.rc -O coff -o res.o
g++ -O2 -D_WIN32_WINNT=0x0501 -mwindows *.cpp res.o -o sikeli.exe -lcomctl32 -lwinspool

Wannan 0x0501 yana gaya wa windows.h ya tsaya a abin da XP ta sani. In ya gama ka yi objdump -p sikeli.exe ka duba jerin .dll da yake nema. In ka ga msvcrt.dll, kernel32, user32, gdi32 da 'yan uwansu, lafiya. In ka ga wani mai farawa da api-ms-win-crt, to ba kwamfailan da kake zato ne ya haɗa shi ba.

Auwalu: Ya haɗu. Amma gwajin Malama bai wuce ba, sizeof bai raba girman fayil ɗin daidai ba. Na duba time_t, bayit 4 ya ba ni, ba shi ba ne.

Malama Hadiza: Turo mana struct ɗin yadda yake, ka goge sunan kamfanin in yana ciki.

Auwalu: char lamba[16]; char suna[40]; long double gross; long double tare; time_t lokaci; int tikiti;

Malama Hadiza: Ga shi nan a fili. A kwamfailan Microsoft long double daidai yake da double, bayit 8. A GCC na 32-bit bayit 12 ne. Ka mayar da su biyun double, ka duba duk inda ake buga su da %Lf ka mayar %f. Ka canza time_t ɗin ma zuwa int32_t a cikin struct, ka riƙa juyawa wajen karantawa da rubutawa, don kada wani kwamfailan gaba ya sake motsa shi. Ka kuma saka static_assert a ƙasan struct ɗin da girman da ya dace, yadda duk ranar da ya canza haɗin zai tsaya.

Ka rubuta a littafinka kuma: lokaci mai bayit 4 yana cika a 19 ga Janairu 2038. In aka zo ƙaurar da Nura ke magana, a canza tsarin ajiyar gaba ɗaya.

Auwalu: Allah ya ƙara sani Malama. Yanzu ya raba daidai, kuma bayanin farko da na ƙarshe sun yi daidai da kwafin tikitin da ke fayil ɗin akawu, har kilo. Zan kai shi kwamfutar sikeli in sa a wata folda daban in gwada bayan an tashi.

Baba Ilu: Tsaya. Ka binciki kod ɗin da "C:\\" tukuna. Masu rubutu na wancan lokacin sun saba rubuta cikakkiyar hanyar fayil a cikin kod. In haka ne, ko a wace folda ka ajiye sabuwar manhajar, ainihin fayil ɗin .dat za ta buɗe.

Auwalu: Haka ne kuwa Baba, a rubuce yake a wuri biyu. Zan haɗa na gwaji mai nuna wata foldar da kwafin bayanan.

Mahamadou: Ƙarin shawara ɗaya. XP tana da HyperTerminal, manhajar da ke nuna abin da ke shigowa ta kafar COM, a cikin Accessories. Ka rufe manhajar sikeli, domin kafar COM ba ta karɓar manhaja biyu a lokaci ɗaya, ka buɗe shi da saurin da ke cikin kod ɗin, galibi 9600, ka kama abin da sikelin ke turowa a fayil yayin da mota ke hawa da sauka. Ka adana wannan fayil ɗin tare da kod. Ranar da za ka gwada sabuwar kwamfuta da wayar USB, da shi za ka gane ko abin da ke isowa daidai ne.

Auwalu: Na gwada daren jiya da motar kamfani. Mun auna ta da tsohuwar manhajar, muka rufe, muka auna da sabuwar, nauyi ɗaya. Tikitin ya fito da layin danshi a ƙasan nauyin kaya. Abu ɗaya ya rage, layin ƙarshe yana faɗawa kan tsagin takarda tunda an ƙara layi, zan rage tazarar da ke sama. Tsohon .exe na canza masa suna na bar shi a wurin, na nuna wa ma'aikacin sikeli yadda zai koma kansa in wani abu ya faru ba na nan.

Injiniya Bashir: Ka haɗa foldar w64devkit ɗin da ka yi amfani da ita, da kod ɗin, da layukan haɗin nan biyu a cikin fayil na rubutu, da hoton faifan, ka ajiye a wuri biyu, ɗaya a wajen kamfanin. Sabon fitowar kwamfailan zai iya daina kula da XP wata rana, naka kuwa yana hannunka.

Nura: Yaya Auwalu, in za a sayi sabuwar kwamfutar ka nemi mai kafar COM a jikinta, ko a sa mata katin PCIe mai COM da LPT. Ya fi wayar USB zama lafiya a wurin da ake yawan ɗauke wuta, don ita lambar kafar takan canza in an sauya ramin da aka soka ta. Ina da ɗaya a ajiye, in ka tashi gwaji ka yi mini magana in kawo.